Giɓin Bakin Ringi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ɗaure Ƙananan Injina a Sakkwato

Da zarar damina ta ɗauke, aka fara shirin noman rani a fadamun gulbin Rima, rumfunan masu gyaran inji sai su cika da famfunan ban-ruwa daga Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo. Ga janareto, ga injin niƙa, ga baburan 'yan kabu-kabu. Yawancin aikin iri ɗaya ne: a sauke inji, a sa sabon fistin da ringi, a ɗaure. A cikin wannan aiki akwai awo ɗaya da ba ya cin minti goma, amma shi aka fi tsallakewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda yaran gareji da masu injin kansu suka fi yi a kansa. Duk lissafin da milimita ne, sai inda aka ambaci inci.

Mene ne giɓin bakin ringi, kuma don me ba a barin bakin ya haɗe?

Ringi ba cikakken zobe ba ne, yana da baki biyu. Idan aka matse shi aka sa cikin silinda, bakunan nan suna kusantar juna amma ba sa taɓawa. Ɗan filin da ya rage tsakaninsu shi ne giɓin da muke magana a kai.

An bar shi ne saboda zafi. Ringin sama yana kusa da wutar da ke ci a kan fistin, ita kuwa silinda iskar fanka na dukanta daga waje, don haka ringi ya fi ta ɗaukar zafi. Ƙarfe kuma in ya yi zafi miƙewa yake yi. Ɗauki injin ban-ruwa mai faɗin silinda milimita 68. Kewayen ringinsa ya kai kusan milimita 214. Idan ringin ya fi jikin silinda zafi da digiri 100, tsawonsa zai ƙaru da wajen milimita 0.23. In giɓin da ka bari bai kai haka ba, bakunan za su haɗe, ƙarfen bai gama miƙewa ba, kuma babu inda zai nufa sai jikin silinda. Daga nan sai ya share man da ke jikin bango, ya fara kartarsa, ko ya karye, ko ya ɓalle gefen ramin da yake zaune a jikin fistin. Wanda ya taɓa fama da ƙofar ƙarfe da ke cijewa da azahar a watan Afrilu, ta saki da dare, ya riga ya san yadda abin yake.

To nawa ya kamata giɓin ya kasance?

Littafin injin shi ne gaba da kowa, haka ma takardar da ta zo cikin kwalin ringin idan akwai. Misali Honda GX160, wanda yawancin famfunan inci biyu da inci uku da ke fadama suka kwaikwaya, har da masu lambar 168F, giɓin ringin sama da na biyu yana tsakanin 0.2 zuwa 0.4. Idan ya kai 1.0, ringin ya gama aiki.

In babu littafi, akwai ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi: a ba kowane inci ɗaya na faɗin silinda giɓin inci 0.004. Da milimita abin ya fi sauƙi, ka ninka faɗin silinda da 0.004. Ƙaramin janareton nan mai cin mai gauraye, faɗin silindarsa 45 ne, lissafinsa ya ba da 0.18. Babur irin CG125 mai 56.5 ya ba da 0.23. Mai 68 ya ba da 0.27. Babban injin janareto irin GX390 mai 88 ya ba da 0.35. Wannan lamba ita ce mafi ƙanƙanta da za ka yarda da ita. Ɗan ƙari a kanta ba laifi ba ne, ragi ne ba a so.

Ringi na biyu a bar shi daidai da na sama ko ya ɗan fi shi, kada ya kasa. Dalili shi ne iskar da ta kuɓuce wa ringin sama tana buƙatar hanyar wucewa. In ta maƙale tsakanin ringi biyu, takan ɗaga na saman daga mazauninsa.

Oga, ringin sabo ne dal a kwalinsa, an rubuta STD, wato awon asali na kamfani. Sai na sake aunawa?

Sai ka auna. Wanda ya ƙera ringin bai ga silindarka ba. Shi ya yanka ne a kan silinda sabuwa mai cikakken awo, taka kuwa ta yi shekaru tana shan ƙura, ko kuma an kai ta wurin mai borin ya buɗe ta yadda hannunsa ya ba shi. Ban da haka, kayan da ke kasuwa ba daraja ɗaya ba ne. Akan buɗe kwali a tarar ringin sama ya yi daidai, na biyu bakinsa a haɗe. Akan kuma tarar an sa ringin 0.25, wato na silindar da aka ƙara wa faɗi da 0.25, cikin kwalin STD. Ba ko yaushe ne laifin mai shago ba, shi ma a rufe ya saro su.

Kowane ringi a auna shi shi kaɗai, a cikin silindar da zai zauna.

Yaya ake aunawar?

A fara wanke silinda tas, a goge ta ta bushe. A matse ringin da yatsu a sa shi a bakin silinda. Sai a kifa fistin marar ringi, a tura ringin da kansa zuwa ciki. Fistin ɗin ne zai daidaita shi ya zauna sosai. Idan da yatsa aka tura, ringin zai karkace, awon kuma zai yi ƙarya.

Sai a ɗauko fila-gej, wato ma'aunin nan mai siraran ganyen ƙarfe da aka rubuta wa kowane kaurinsa, a fara da siririn ganye ana ƙarawa, har a sami wanda zai shiga giɓin da ɗan ja kaɗan, ba da ƙarfi ba, ba kuma yana lilo ba. Lambar wannan ganye ita ce giɓinka.

Wurin da ake aunawa shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Tsohuwar silinda ba ta cinyewa bai ɗaya. Sama, inda zafi da matsi suka fi yawa, ya fi buɗewa, ƙasa kuwa yana nan kusan yadda aka ƙera shi. Can bakin sama kuma akwai ɗan tudu inda ringi ba ya kaiwa, wanda farce ke ji. Kada a auna a kan tudun nan. A auna wuri uku: ƙasa da tudun kaɗan, tsakiya, da kuma ƙasa inda tafiyar ringi ke ƙarewa. Awon ƙasa shi ne zai gaya maka ko ringin zai cije, domin nan ne wuri mafi matsi. Awon sama kuma shi zai gaya maka yawan cinyewar silinda.

A lura da rubutun jikin fila-gej. Wasu suna da lamba biyu, ta inci da ta milimita. Ganyen da aka rubuta .010 na inci daidai yake da 0.25, ba 0.10 ba. Yara da yawa a nan suke ruɗewa.

In ba ni da fila-gej fa?

Ka saya. Kuɗinsa bai kai na fistin ɗaya ba, kuma da shi za ka riƙa saita bawul da fulogi. Amma in kana cikin fadama, inji a buɗe, albasa na jiran ruwa, kaurin farar takardar buga rubutu ta ofis kusan 0.1 ne, haka ma rezar aski mai baki biyu. Reza biyu a haɗe su shiga, huɗu su ƙi ko su shiga da ƙyar, to kana cikin iyaka ga injin 68. Katin cire kuɗi kaurinsa 0.76 ne. Idan ya shige giɓin sabon ringi, akwai magana. Wannan dabarar fita kunya ce kawai, ba ta maye gurbin awo na gaskiya.

Giɓin ya yi kaɗan. Yaya zan buɗe shi?

Da magagari mai laushin haƙora. A ɗaure magagarin a bais, a riƙe ringin da hannu biyu kusa da bakinsa, a goga bakin a jikin magagarin. Ringin ake motsawa, magagarin yana tsaye.

Gugar ta tafi daga fuskar waje zuwa ciki, hanya ɗaya, ba kai da komowa ba. Ringin sama yawanci yana da rufin kurom a fuskar da ke gugar silinda, in aka ci shi daga ciki zuwa waje rufin yakan ɓare a baki. Baki ɗaya kawai za a ci. A bar ɗayan yadda ya zo daga kamfani, domin da shi za a gane ko wanda ake ci yana tafiya a miƙe. In ka matse ringin ka ɗaga shi wajen haske, bakunan biyu su haɗu gaba ɗaya, kada su buɗe ta waje ko ta ciki.

Ja uku ko huɗu, sai a goge a mayar cikin silinda a auna. Abin yana da cin rai, amma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. In an kai inda ake so, a ɗauki dutsen wasa wuƙa mai laushi ko samfefa mai santsi a shafe kaifin gefen, shafa kawai, kada a mayar da kusurwar ta zama gangare. A wanke ringin, a wanke silindar, domin garin ƙarfen nan in ya shiga inji aikin samfefa zai yi.

Injin gurza na lantarki kada ya kusanci ringi. Kafin ka ƙifta ido ya cinye rabin milimita, ya kuma ƙona bakin.

Giɓin ya yi yawa. Ba sai in sayi ringin da ya fi girma in goge shi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma a nan ne ra'ayin makanikai ya rabu.

Kafin komai, ka gano wa ya jawo yawan: ringin ko silindar? Tura sabon ringin can ƙasa inda babu cinyewa. In a nan ma giɓin ya wuce iyaka, ringin ne ba daidai ba, mayar da shi. In a ƙasa ya yi kyau amma a sama ya buɗe, silinda ce ta tafi. Akwai lissafi mai sauƙi: duk ƙarin 0.1 a faɗin silinda yana ƙara giɓi da kusan 0.31. Saboda haka idan ka sami 0.30 a ƙasa, 0.75 a sama, bambancin 0.45 ne, ka raba shi uku, silindar ta cinye kusan 0.15. A GX160 iyakar faɗin silinda 68.165 ne, ka ga saura ƙiris.

Yanzu maganar babban ringi. Na 0.25 ya fi na STD tsawo da wajen 0.79, don haka da magagari za a iya rage shi ya shiga. Matsalar ita ce tsohuwar silinda ba zagayayyiya ba ce kuma. Ta buɗe a sama, ta tsuke a ƙasa, ta yi kwai ta ɓangaren da fistin ke jingina. In ka saita ringin da sama, zai cije a ƙasa. In ka saita shi da ƙasa, giɓin saman da kake gudu yana nan, sai dai ya ragu kaɗan. Ringin kuma an lanƙwasa shi ne don da'irar da ta fi wannan girma, ba zai kwanta lif a jikin bango ba. Fistin ɗin ma yana nan yana kaɗawa cikin ramin da ya yi masa yawa.

Na san ana yi, na kuma san dalili: manomi yana tsakar ban-ruwa, ba shi da kwanakin jiran mai borin. In dole ta sa, a saita da wuri mafi matsi, a kuma gaya wa mai injin gaskiya cewa gyaran kai-ni-girbi ne. Gyara na sosai shi ne a buɗe silinda zuwa 0.25 ko 0.50 da fistin da ringinta, ko a buga sabon silib, wato bututun ƙarfen da ke zama bangon silinda, ko a sauya bulok. A injinan 168F sau da yawa sabon bulok ya fi sauƙi, a kwatanta kuɗin kafin a yanke shawara. In za a kai borin, a tafi da sabon fistin ɗin, domin da shi mai borin zai auna.

Tsakanin matsi da yawa, wanne ya fi haɗari?

Matsi, nesa ba kusa ba. Giɓin da ya wuce da 0.1 ba za ka ji shi a ƙarfin inji ba. Wanda ya kasa da 0.1 yana iya cinye maka fistin da silinda a yini ɗaya. Akwai masu ganin in bakin ringi ya haɗe ƙam shi ne inji zai yi kwamfureshan mai kyau. Da sanyin safiya haka ne, igiya ma da ƙyar take jawuwa, mai inji ya tafi yana murna. Bayan ya yi rabin awa yana jan ruwa sai ya fara nauyi, ya mutu, in ya huce ya sake tashi. In aka buɗe za a ga bakunan ringin suna ƙyalli saboda gugar juna, ga zane a tsaye a jikin silinda.

Injin da ake gauraya wa mai fa, kamar ƙaramin janareto da babur AX100?

Awon iri ɗaya ne, amma akwai ƙari. Jikin silindarsu yana da tagogi na shigar mai da fitar hayaƙi, kuma in bakin ringi ya faɗa taga karyewa zai yi. Shi ya sa aka dasa ɗan ƙusa a cikin ramin ringi a jikin fistin, bakin ringin kuma aka yi masa gurbi da zai rungumi ƙusar. Wajen sa silinda dole giɓin ya zauna a kan ƙusar nan. In silinda ta ƙi shiga, ba a dukanta, ringi ne ya hau ƙusa.

Wajen aunawa a zaɓi wurin da babu taga, sama da tagar hayaƙi. In an ci bakin da magagari, a duba gurbin bai ƙanƙance har ya matse ƙusar ba. Kibiyar da ke kan fistin yawanci tagar hayaƙi take nunawa. In aka juya shi, ƙusoshin sun koma inda bai kamata ba.

Ringin mai, wato na ƙasa mai share mai daga bangon silinda, shi ma ana gurza shi?

Mai guda ɗaya ana auna shi kamar sauran. Mai kashi uku, wato sirara biyu da mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya, siraran kawai ake dubawa, kuma da wuya su buƙaci guga. Na tsakiyar ba a taɓa shi da magagari ko almakashi. Shi ake fara sawa, a tabbata bakunansa sun yi karo da juna, ba ɗaya ya hau ɗaya ba.

Ina giɓin zai fuskanta wajen ɗaurewa?

A raba su, kowane ya yi nesa da ɗan'uwansa da kusan digiri 120, kuma kada a ajiye ko ɗaya saitin fin ɗin fistin. Amma kada a ɗauki wannan da zafi fiye da kima. Ringin injin da ba a gauraya wa mai yana juyawa a hankali yayin aiki, don haka in ka buɗe tsohon inji ka tarar giɓi biyu sun jeru, ba lallai shi ne sanadin hayaƙin ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sama da ƙasan ringin. Kusa da baki akwai ɗan harafi ko ɗigo, wani R, wani T, wani N. Alamar sama take kallo. Ringi na biyu fuskarsa a ɗan karkace take don ya kankare mai zuwa ƙasa. In aka kifa shi, sama zai riƙa tura man. Kada kuma a musanya: mai ƙyallin fuska shi ne na sama, mai duhun na biyu.

Na auna komai daidai, amma inji na hayaƙi. Me ya rage?

Giɓin bakin ringi ɗaya ne daga cikin awo uku. Akwai filin da ke tsakanin ringi da gefen raminsa a jikin fistin. A GX160 sabo bai wuce 0.045 ba, in ya kai 0.15 fistin ya tashi aiki, ko da sabon ringi za a sa masa. Akwai kuma filin da ke tsakanin fistin da silinda. In za a mayar da tsohon fistin, a kankare baƙin da ya daskare cikin ramukan da guntun tsohon ringi, a buɗe ƙananan hujojin da ke bayan ringin mai.

Sai bangon silinda. Tsohon bango ya yi santsi kamar an shafe shi, sabon ringi ba zai sami abin da zai ci ya zauna ba. Ana buƙatar a ɗan karce shi da dutsen honin, zanen ya gicciye juna. Bayan haka a wanke da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fes, sannan a shafa mai nan take. Fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen. Silindar da aka yi wa rufi na musamman a ciki, irin ta injin yankan itace, ita ba a karce ta haka.

In duk wannan ya yi, a duba bawul da robar bakinsa, a duba ko baƙin mai ya wuce ma'auni. GX160 lita 0.6 kawai yake ɗauka, masu cika shi har wuya suna da yawa.

Da zafin Sakkwato, ba sai a ƙara giɓin ba?

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, injinan nan kuma iska ce kawai ke sanyaya su. Famfo yana yini a rana yana aiki ba hutu. Don haka ni nakan nufi tsakiyar iyaka zuwa sama: inda littafi ya ce 0.2 zuwa 0.4, in bar shi 0.30 ko 0.35. Ba na fita daga iyakar.

Sai dai giɓi ba ya maganin injin da ake shaƙewa. Janareton da aka kulle cikin akwati babu iska, famfon da aka cire wa murfin fanka, haƙarƙarin silinda da laka ta toshe, kafireton da aka matse don tsimin fetur har wuta ta yi fari, duk waɗannan suna kai zafi inda lissafin kamfani bai kai ba. Ƙurar hunturu kuma ita ce ke buɗe giɓi da sauri. Injin da ke aiki babu soson iya-kilina, ƙasa yake sha tare da fetur, ringin da ya kamata ya ga rani da yawa sai ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Bayan an ɗaure, yaya za a fara aiki da shi?

Kafin a sa fulogi, a juya injin da hannu a ji yana tafiya sumul babu inda yake cijewa. A tayar, a bar shi ya ɗumama na 'yan mintoci ana sauraro. Daga nan a ba shi aiki matsakaici, ana ƙarawa ana ragewa. Barinsa yana sulo awa da awanni ba ya zaunar da ringi, domin matsin wuta ne ke tura ringi ya kwanta a jikin bango. Ɗora masa cikakken kaya tun ranar farko shi ma ba daidai ba ne.

Honda ta ce a juye man farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. Ga injin da aka yi wa borin, juye shi tun kafin awa 20 ɗin ya fi, za ka ga man yana walƙiyar garin ƙarfe. Ɗan hayaƙi a awannin farko ba abin tsoro ba ne. Amma in inji ya yi nauyi da ya ɗauki zafi, ko ya mutu igiya ta ƙi jawuwa sai ya huce, a kashe shi a buɗe, kada a sake gwadawa. A lokacin watakila ringi kawai za a sauya. Makaniken da ya rubuta awon da ya samu a bayan kwalin ringin, sama da tsakiya da ƙasa, ya ba mai injin ya ajiye, in injin ya dawo baɗi da wannan takarda za a san ko silindar za ta ƙara ɗaukar wani ringin ko lokacin borin ya yi.